Shekarar da Yatsuna Suka Yi Ƙullutu

To, ku matso kusa, ɗiyana. Tun da kuka shigo na lura ba kitson da nake yi kuke kallo ba, yatsuna kuke kallo. Ku kalla da kyau, ga su nan. Kowace gaɓa ta kusa da farce da ƙullutunta, mai tauri kamar ƙwallon magarya, manuniyar dama ma har ta karkace tana leƙen maƙwabciyarta. Kun ce kun zo in koya muku kitso kafin hutu ya ƙare, wai kun riga kun ga yadda ake yi a waya, saura ku sa hannu kawai. Madalla da ku! Ni Kulu a nan Tudun Wada aka haife ni, a nan na yi furfura ina kama kawunan mata, kuma in da gaske kuke son sana'ar nan, sai kun ji abin da take nema a wurin yatsa.

Kan farko da aka sa a gabana ba kitsa shi na yi ba, tsefe shi na yi. Na wata tsohuwa ne mai sayar da daddawa. Kitson ya daɗe har ya cure, gashi da man shanu da hayaƙin murhu sun zama abu guda. Inno, mahaifiyata, ita ce malamata a sana'ar nan. Ta miƙo mini kibiya, wannan siririn ƙarfen mai tsini da muke tsaga da tsifa da shi, ta ce in fara. Da zumuɗi na soka ta a gindin kitso na fizgo. Tsohuwa ta ƙwalla ƙara har kajin gidan suka watse.

Inno ko ɗagowa ba ta yi ba daga kan da take yi. Ta ce, "Daga jela ake faro tsifa, Kulu. Kan mutum na, ba damen gero ba."

Na daɗe a tsifa. Daga tsifa aka ƙara mini girma zuwa wankin kai da sabulun salo, daga nan zuwa taza da shafa mai. Ƙawayena suna can suna 'yar gala-gala, ni ina nan ina koyon yadda ake riƙe gashi a gindi da hannun hagu kafin a ja mataji da dama, don kada fatar kai ta ji. Sai da Inno ta ga hannuna ya yi sanyi a kan mutane sannan ta bar ni na yi tsaga. Ku ji da kyau, tsaga ita ce kitso. Layin farko da za ki ja daga goshi zuwa ƙeya, in ya karkace, duk abin da ya biyo bayansa karkatacce ne, kuma mai kan ba za ta gani ba sai ta je gida mijinta ko 'yar'uwarta ta faɗa mata. Daga ranar kuwa kin rasa ta.

Kayan aikinmu ba su cika ƙwarya ba: kibiya, mataji mai manyan haƙora da mai ƙanana, baƙin zare, man shanu ko man kaɗe; in ban da su sai tabarma, matashi, da kujera 'yar tsugunno. Shi ya sa kuke ganin abin da sauƙi. Tela yana da keke, mai niƙa yana da inji, mu kuwa injinmu shi ne wannan. Ku dubi hannuna yadda yake tafiya. Gashi ya rabu uku. Babban yatsa ya danne, na tsakiya ya riƙe, manuniya ta sunkuya ta tsinto sabon gashi daga fatar kai ta haɗa. Wa yake aikin? Kan yatsa ne. Gaɓar nan ta ƙarshe ita ke lanƙwashewa, ta matse, ta saki, ta sake matsewa, tun daga goshi har ƙeya, layi bayan layi, kai bayan kai.

Akwai wata amarya daga Minanata da ba na mantawa da kanta. Gashi ne Allah ya ba ta, cikakke, mai tsauri, ga tsawo. Ta ce ƙananan kalaba take so, irin wadda in an gama sai ka ce zaren ɗinki aka jera. Muka zauna tun da hantsi. Na jiƙa gashin da ruwan ɗumi, na shafe shi da mai, na raba shi gida-gida na ɗaure kowane gida da zare don kada ya shiga na kusa da shi. Aka yi azahar muka tashi muka yi salla muka dawo. Ta yi barci a cinyata ta farka ban kai rabi ba. Da la'asar sakaliya na ɗaure jelar ƙarshe. Ta ɗauki madubi, ta juya nan, ta juya can, sai kawai ta miƙe ta kama rawa a tsakar gidan nan ba kiɗa ba waƙa! Wannan kai shi ya buɗe mini Minanata. Bayan bikinta har layi 'yammatan unguwarsu suke yi a zauren nan.

Kawuna kuwa iri-iri ne, haka masu su. Akwai mai fatar kai mai laushi, da kin taɓa ta ce wayyo. Akwai wadda in ba ki ja har girarta ta ɗaga ba, cewa take ba ki iya ba. Wannan sai ki lallaɓa ta, don gashin gaban goshi in aka matsa masa tafiya yake yi, ba ya dawowa. Akwai matan mahauta masu son shuku mai tsayi, akwai Fulani masu nono da suke sauke ƙwarya su ce a yi sauri kasuwa na jira, akwai yara 'yan makaranta da sai an riƙe musu ƙafa. Jajibirin salla kuwa kada ku tambaya. Gidan nan cika yake har bakin rijiya, ana hira, ana dariya, ana faɗa a kan layi, ni ina tsakiya ko ruwa sai dai a ɗora mini moɗa a baki.

Haka na yi ta yi, Inno ta rasu na gaji tabarmarta, na aurar da ɗiya, na ga jikoki. Sai shekarar da nake son in ba ku labarinta.

Shuku nake yi wa wata malamar makaranta, da damina, an kwana ana ruwa. Na zo tsinto gashi a bayan kunne sai na ji kamar an soka mini allura mai zafi a gaɓar manuniya. Kibiya ta suɓuce ta faɗi. Na ɗauka, na ci gaba, ta sake faɗuwa. Na duba yatsan, gaɓar kusa da farce ta yi ja ta ɗan tasa. Na ce ko wani ƙwaro ne ya cije ni. Na ƙarasa shukun da kyar, kuma a gaskiya bai yi tsayin da na saba ba.

Abin bai tafi ba. Da safe in na tashi yatsun a sandare suke, sai na ɗan motsa su kafin su yarda. In na yi kai ɗaya sai zugi ya taso. Sannu a hankali jan ya ragu, amma inda kumburin yake sai ga abu ya fito mai tauri, gefe da gefen gaɓar, ka danna ba ya lotsawa. Daga manuniya ya koma na tsakiya, ya tsallaka hagu. Maɓallin rigar jikana ya fara gagarata. Murfin kwalbar mai sai na kira wani ya buɗe mini. Ƙananan kalaba kuwa na daina karɓa, ina cewa idona ne.

Ranar da abin ya fashe, wata mata ce ta kawo 'yarta ƙarama a yi mata kitson zane. Yarinya ta kwanta a cinyata, na ja tsagar farko. Uwar tana zaune a gefe tana ɓare gyaɗa, sai idonta ya sauka a hannuna. Ta tsaya. Ta matso ta leƙa.

Ta ce, "Inna Kulu, mi as samu yatsunki?"

Na ce, "Sanyi na, ɗiyata. Shina zuwa shina tahiya."

Ta ce, "Wanga ba sanyi ba na." Ta kama hannun yarinya ta ɗaga ta daga cinyata, da tsaga guda a kai, ta ɗaura mata ɗankwali suka fita. Ko gyaɗarta ba ta kwashe ba.

Kafin mako ya zagayo magana ta gama unguwa. Wasu suka ce kuturta ce take farawa, an ga yatsun sun fara lanƙwashewa. Wasu suka ce cuta ce da ake ɗauka ta fatar kai. Masu sona suka ce sammu ne, masu kitson da na tsare wa kasuwa ne suka jefe ni. Kowa da tasa, amma sakamakon ɗaya ne: tabarma ta zama fayau. Jajibirin babbar salla ya zo, na share tsakar gida, na jera mataji da mai, na zauna. Tun safe har la'asar mutum biyu suka yi sallama, su ma aron turmi suka zo. A gidan biki na lura ana ware mini kwano. Hatsin gida ya ja baya, na fara sayar da ƙanƙara da zoɓo don a samu na cefane, ni da mata suke bin layi a ƙofata.

Magani kuwa babu wanda ba a kawo mini ba. Na sha saiwa, na yi turare, na ɗaura ganye, na shafa man da aka ce daga Nijar aka zo da shi. Daga ƙarshe wata ta ce a tsaga ƙullutun a matse abin da ke ciki. Na aika aka kira Malam Umaru wanzami, wanda shi yake yi wa jikokina aski. Ya zo da zabirarsa, ya zauna, ya kama yatsan ya murza, ya danna nan, ya danna can. Sai ya mayar da askarsa cikin zabira.

Ya ce, "Hajiya, ba ni tsaga wanga. Babu ruwa ciki, babu mugunya. Ƙashi na. In na sa aska, ciwo za ni ƙara miki. Ki tahi asibiti a ɗauki hoto nai."

Saratu, babbar ɗiyata, dama ta daɗe tana wannan maganar ina ƙi, don ina tsoron a tabbatar mini da abin da unguwa take faɗa. Da ta ji wanzami ma ya faɗa, washegari ta tsayar da keke napep a ƙofar gida ta ce in ban fito ba ita ma ba ta tafiya.

Likitar mace ce, ba ta wuce sa'ar Saratu ba. Abin da ya fara ba ni mamaki, hannu biyu ta sa ta kama hannuna, ba ta ja baya ba. Rabon da wani bare ya riƙe hannun nan har na manta. Ta duba fatar jikina, hannu da baya da fuska, tana neman tabo. Ta ce in rufe ido, ta riƙa taɓa yatsuna da auduga tana cewa in faɗi inda na ji. Ko'ina na ji. Ta ce, "Mama, cire maganar kuturta daga ranki. Babu alamarta ko ɗaya a jikinki."

Wallahi ban san lokacin da na ce Allahu akbar da ƙarfi ba, har na waje suka leƙo.

Ta yi ta tambaya. Da safe sandarewar tana daɗewa, ko kuwa da na motsa take saki? Na ce kafin in gama alwala da ɗumama tuwo ta saki. Wuyan hannu yana kumbura? Gaɓoɓin nan na gindin yatsu fa, inda ake dunƙule hannu? Na ce lafiyarsu lau. Jinin al'ada ya ɗauke? Na ce ya kwana biyu. Sai ta ce, "A danginku akwai mai irin yatsun nan?"

Na buɗe baki zan ce babu, sai hannun Inno ya faɗo mini a ido. Haka yatsunta suke! Tun ina yarinya na gan su da ƙullutai, amma ba ta taɓa cewa suna ciwo ba, mu kuma muka ɗauka haka hannun tsofaffi yake. Na ce, "Likita, mahaifiyata! Da yayarta ma!"

Aka ɗauki hoton ƙashi, aka ɗebi jini. Da muka koma ta ɗora hoton a jikin fitila, ga hannuna tsirara ba nama. Ta ce, "Mama, kina dafa ƙafar saniya?"

Na ce, "Ni kuwa, a garin mahauta?"

Ta ce, "To kin san farin abin nan mai santsi da ke kan ƙashi, inda ƙashi biyu suka haɗu?"

Na ce, "Guringuntsi! Ai ni ke cinye shi kafin a kai wa maigida."

Ta yi dariya. Ta ce to kowace gaɓa a jikin mutum tana da shi, shi ke sa ƙashi ya zame a kan ɗan'uwansa ba tare da gogayya ba. Ta nuna mini wata gaɓa mai lafiya a hoton, da 'yar tazara tsakanin ƙasusuwan, ta ce nan guringuntsin yake, hoto ba ya kama shi. Ta nuna ta manuniya, tazarar ta kusa rufewa. Ta ce ya siɗe ya yi siriri. Shi kuma ƙashi in ya ji haka sai ya riƙa ƙara kansa a gefe-gefe, kamar yana neman faɗaɗa wurin zama. Wannan ƙarin ƙashin shi ne ƙullutun. Na ga su da idona, 'yan ƙahoni a bakin gaɓa!

Ta ce sunan abin amosanin gaɓoɓi, irin na siɗewar guringuntsi. Yana son gaɓar kusa da farce, yana son ta tsakiyar yatsa, da gindin babban yatsa, kuma irinsa ne ke kama gwiwar tsofaffi. Ya fi kama mata in shekaru sun ja, kuma yana bin dangi. Aikin hannu mai yawa yana iya taimaka masa, amma ba kitso kaɗai ya jawo mini ba. Ba a ɗaukarsa, ba a shafa wa kowa, ko da kwano ɗaya ake ci.

Sai ta ja kujera ta ce in saurara, akwai wani amosanin daban da ba a wasa da shi, shi ya sa ta ɗebi jinina. Shi wancan jiki ne yake faɗa da gaɓoɓinsa. Kumburinsa laushi gare shi da ɗumi, ba tauri ba. Ya fi kama gindin yatsu da wuyan hannu, dama da hagu tare, sandarewar safe tana kaiwa hantsi, ga kasala, kuma ba ya jiran tsufa. In ba a tare shi da wuri da magani ba, yana lalata hannu. Ta ce nawa ba shi ba ne.

Na ce, "To nawa yaushe zai baje?"

Ta ce, "Ba zai baje ba, Mama, ƙashi ne. Amma sau da yawa zafin a farko yake tsanani, lokacin da ƙullutun yake fitowa. In ya zauna sai ciwon ya lafa."

Na ce, "Kitso fa?"

Ta ce, "Wa ya ce ki bari? Gaɓar da aka ajiye ita ke sandarewa. Ki yi, amma ki canza yadda kike yi."

Ta rubuta mini man shafawa da maganin zafi na ranar da ya matsa, ta gargaɗe ni da shan ƙwayoyin 'yan talla barkatai don suna cin ciki da ƙoda. Ta koya mini motsa yatsu cikin ruwan ɗumi: a dunƙule a hankali, a buɗe, babban yatsa ya gaisa da kowane yatsa ɗaya bayan ɗaya. Na fito ina riƙe da hoton nan kamar takardar filin da na saya. A cikin keke ma sai da na nuna wa mai keken.

Aikin farko da na yi da na dawo ba a kan mutum ba ne, a kan kibiya ne. Na kai ta wurin wani baduku na ce ya naɗe mata gindi da jar fata har ta yi kauri kamar muciyar yara. Siririn abu shi ke sa yatsa ya matse da ƙarfi, mai kauri kuwa tafin hannu ne ke riƙe shi. Mataji ma na sake mai babban mariƙi. Na koya wa yatsan tsakiya aikin manuniya, a kan jikokina na gwada har ya iya. Na ajiye kwanon ruwan ɗumi kusa da tabarma, in na yi 'yan layuka sai in tsoma hannu in huta. Ƙananan kalaba na sallama ta har abada. Hannu ya dawo. Amma kawuna ba su dawo ba, don unguwa ba ta je asibiti tare da ni ba.

Ana nan sai ga Hajiya Luba daga Mabera. Mijinta fataucin shanu yake yi, ita kuma tun tana amarya nake mata kitso, sai a shekarar nan ta ɗauke ƙafa kamar kowa. Ta ƙi zama a kujera, ta zauna a tabarma kusa da ni.

Ta ce, "Kulu, an ce kin tahi asibiti. Mi anka ce?"

Na ɗauko hoto na ɗaga shi a rana, na zuba mata bayani tun daga guringuntsi har ƙahonin ƙashi. Tana ji tana gyaɗa kai. Da na gama sai ta zaro hannunta na hagu daga cikin mayafi. Ya sha lalle baƙi ƙirin har wuyan hannu. Ta ce in taɓa ƙaramin yatsa. Na taɓa. Ƙullutu, ɗan'uwan nawa sak!

Ta ce, "Wata da watanni nike ɓoyon shi da lalle. Na ɗauka wurinki na ɗauko, shi as sa na bar zuwa. Ko maigida ban gwada ma ba."

Muka kalli juna, sai dariya ta ƙwace mana, muka yi ta yi har da hawaye. Ta share ido ta ce ɗiyarta ta haihu, jibi suna, in zo da kayan aikina, kuma kada in bar hoton nan a gida.

Gidan suna ya cika maƙil. Ga matan Mabera, ga dangin mijin Hajiya Luba da suka zo daga ƙauye, manoman gero da shinkafa. Da na shiga na ga wasu suna janye yaransu. Hajiya Luba ta sa aka shimfiɗa tabarma a tsakiyar gida, ta tafa hannu ta ce kowa ya saurara, Kulu tana da magana. Ni da ban taɓa yin jawabi ba! Na waiga na ga masu aikin ragon suna a gefe, na ce a miƙo mini ƙashin ƙafa guda. Na ɗaga shi sama, na nuna musu farin guringuntsin yana ƙyalli. Na ɗaga hoton a ɗaya hannun. Na faɗi abin da likita ta faɗa mini, yadda na iya. Na ce duk mai shakka ta zo ta danna ta ji, ƙashi ne, ba ya tsalle ya kama kowa.

Sai wata tsohuwa daga cikin baƙin ƙauye ta taso tana dogara sanda, ta miƙo hannuwanta biyu a gabana.

Ta ce, "Irin wanga kika nuhi? Ni ban taɓa kitsa kan kowa ba, daka da surfe na sani. Nawa sun girmi ɗiyan ga duka."

Ai kamar an buɗe ƙofa! Wannan ta miƙo, waccan ta miƙo. Wata ta ce na kakarta har sun fi haka. Wata ta ce ita a tsakiyar yatsa nata yake. Hajiya Luba ta ɗaga nata mai lalle sama ta ce ga na wadda ko tsintsiya ba ta riƙewa. Tsakar gida ta kaure, tsofaffi suna gwada yatsu kamar 'yammata suna gwada zobe. Kafin hayaniya ta kwanta, Hajiya Luba ta tuɓe ɗankwali a gaban kowa, ta kwanta ta ɗora kai a cinyata ta ce, "Doka nika so, irin ta iyayenmu."

Doka kitson da ne, ba ku taso kun gan shi ba. Ana tattaro gashi daga gefe biyu a hau da shi tsakiyar kai, a sa ɗan naɗin tsumma mai tsabta a ciki ya zama matashi, a rufe shi da gashi a kitse, ya tashi kamar tozo tun daga goshi har ƙeya. Ba ya son ƙananan layi, ƙarfin tafin hannu yake so da ido mai auna daidai. Wato kamar don hannuna na yanzu aka yi shi. Na ja tsaga, na tsoma hannu a ruwan ɗumi, na hau. Da na ɗaure ƙarshe ta miƙe zaune, tsohuwar nan mai sanda ta rangaɗa guɗa, gida ya ɗauka. A ranar sai da na yi kai uku, na ce sauran su same ni Tudun Wada. Suka kuwa same ni.

Amma abin da ya fi tsaya mini a ranar ba dokar ba ce. Cikin masu miƙo hannu akwai wata yarinyar mace, Hassi, matar ƙanen mijin Hajiya Luba, tana goye da jariri. Ta bari sai da mutane suka ragu ta zo ta ce, "Inna, ni ma duba nawa." Na kama. Kusa da farce lafiya lau. Amma gindin yatsun da wuyan hannu sun kumbura, dama da hagu, da laushi, da ɗumi kamar an ɗora su a murfin tukunya. Na ce da safe fa? Ta ce har rana ta take ba ta iya ɗaure zanen goyo, sai an ɗaure mata. Damun fura kuwa ta manta rabonta da shi.

Na ce, "Hassi, naki ba irin namu ba na. Ni ba likita ba ce, amma an kwatanta min wanga, an ce ba a jira da shi. Gobe ki tahi asibiti, kada ki bari sai jibi."

Ta ce maigidanta ya ce sanyin jego ne, zai wuce. Na tashi da kaina na sami Hajiya Luba, ita kuma ta sami ƙanen mijinta a zaure, ban san abin da ta faɗa masa ba, amma washegari ita ta raka yarinyar. Gwajin jini ya nuna wancan amosanin ne. Aka ɗora ta a kan magani, tana komawa ana dubawa.

Bayan an yi girbi ina zaune a nan inda nake, da kai a cinyata, na ji sallama. Hassi ce, jaririn ya yi wayo yana leƙe ta kafaɗarta, ta ɗauko ƙwarya a kai an rufe da faifai. Ta sauke a gabana ta buɗe. Fura ce da nono, ta damu lukwi, ko gudaji ɗaya babu. Ta miƙo mini ludayi, ta juya hannuwanta biyu a gabana, ciki da baya.

Ta ce, "Inna, da su na dama. Goyon ma ni na ɗaure."

Na ce wa mai kan da ke cinyata ta yi haƙuri ta ɗan tashi. Na wanke hannu, na karɓi ludayi, na sha har na ga gindin ƙwarya.